Maginin da Aka Ce Ya Ɗaure Damina

An ce wai a garin Tudun Marke, ƙasar manoma, an yi wani matashin magini mai suna Arzika. Wata shekara ruwa ya ɗauke tun maiwa ba ta fid da kai ba, gonaki suka ƙone. Sarkin Noma Nomau ya miƙe a dandali ya ce ya gano dalili: Arzika yana ginin soro, ba ya so ruwa ya zubar masa da ɗanyar ƙasa, shi ya sa ya binne laya ya ɗaure sama. To, mai jin yunwa ba ya tambayar hujja. Mutanen gari suka rushe ginin, suka ja yaron mutane a ƙasa har gaban Alƙali Sambo, wai sai an kore shi daga garin ubansa.

Arzika ya durƙusa, ƙura har a gira, yana tunanin inda zai kai matarsa da jinjiri. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ma maiwata ta ƙone. Wa zai hana ruwa ya kashe gonarsa?"

Nomau ya ce, "Rufe mana baki, sarkin kwaɓa. Da ganin idonka ka san abin da ka taka."

Alƙali ya ce, "Kora ta yi wa wannan laifi kaɗan. Kowace daminar da ya ɓata, bulala guda, bayan nan ya bar gari. Sai ku faɗa mini, tun yaushe ruwan ya fara raguwa?"

Arzika ya ɗora hannu a ka. Jama'a kuwa, abin kunya, sai murna.

Nomau ya ce, "Bana da bara da bara waccan."

Wani dattijo ya ce, "Haba Sarkin Noma, sassauta masa kake yi? Ai tun shekarar da muka daina noman shinkafa a fadama."

Sai Gwaggo Tasalla, wadda ta girmi kowa a wurin, ta buga sanda. "Ku yara ne. Ina amarya da gora ake haye rafin nan har bayan kaka. Kafin in yaye ɗan farina an fara ratsa shi da ƙafa. Tun daga nan damina take tsukewa, nan da garin su uwata duk ɗaya."

Alƙali ya ce, "Jama'a, kun yarda da ƙirgen Gwaggo?"

Suka ce sun yarda, don ƙirgenta ya fi yawan bulala.

"Gwaggo, ɗan farin naki sa'an wa ne?"

"Sa'an uban wannan ja'irin ne, tare aka yi musu shayi."

Maganar tana fita ta kama bakinta.

Alƙali ya ce, "Ashe tun ubansa yana goye Arzika yake ɗaure sama. Ku ji tsoron Allah. Da bakinku kun shaida damina ta daɗe tana gajarta, a nan da ƙasashen maƙwabta, kuna gani. Rafi ya gaya muku, fadama ta gaya muku, amma kuka nace wa maiwar kakanninku mai son dogon ruwa, kuka ƙi gero mai saurin nuna, don kada a ce kun sauya. Kun bar jaki kuna dukan taiki. Arzika yana nan a garinsu. Duk hannun da ya taɓa ginin nan shi zai kwaɓa ƙasa ya mayar da shi, Sarkin Noma a gaba."

Haka aka yi. Arzika yana bisa katanga, Nomau yana ƙasa da rawaninsa yana cilla masa tubali.

Shi ya sa nake gaya muku, sama ba ta sauya hali rana ɗaya, sai ta daɗe tana gargaɗi. Wanda ya toshe kunne, ya nemi mara gata ya ɗora wa laifi, ramin mugunta yake haƙa, kuma zurfin da ya ƙara shi zai hana shi fita.