Ruwan Maigari Barau

Kwana da kwanaki Tabawa na cikin damuwa, randunanta sun bushe, yara ko wanka babu. Maigari Barau ya datse rafi saboda lambunsa, ya ce ruwan da bai ratsa gonarsa ba kaɗai za a ɗiba, alhali rafin ta gonarsa yake bi.

Ta je fada ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, duk ruwan da ya ratsa gonarka naka ne?"

"Har ɗigon ƙarshe."

"Madalla. Ruwan da ya rushe mana gidaje da damina ta nan ya biyo. Tuni muke cigiyar mai shi, ya zo ya gina mana."

Maigari ya yi gyaran murya. "Ke Tabawa, ruwa ai na Allah ne."

"To, a buɗe wa bayinsa."