Hayaƙin Kurmin Nomau

A zamanin da dajin arewacin kogi bai san gatari ba, an yi wani maharbi mai suna Nomau, baƙin dafi, na gaban maza a dawa. Shekarar da fari ya ƙone ƙauyensu, shi ya lura da manyan jemagu masu jan wuya suna ratsa sama da almuru, su koma kudu da asuba. Ya ce mai shan 'ya'yan itace ba ya zama nesa da ruwa. Kwana tara yana bin su, har ya iske kurmin maɗaci da giginya, jemagu na reto a rassa kamar an shanya fatu, idon ruwa na ɓuɓɓuga a ƙasa.

Ya koma ya kwaso mutanensa. Doka ɗaya ya kafa: ba a taɓa jemage a kurmin nan.

Shekara goma sha biyu aka yi lafiya. Jemagun kan zo da farkon damina, su tafi da kaka. Sai masassara ta faɗo wa garin. Ta ɗebi yara, ta ɗauki Tabawa, matar Nomau. Dattawa suka taru a ƙofarsa, Cindo Sarkin Noma ya yi magana.

"Baba Nomau, warin kashin jemagun nan ne ke kashe mu. Kai ka ɗaura dokar, kai za ka kwance ta."

"In ba su ba ne fa?"

"Ko ba komai mun motsa."

Da hannunsa ya tara ƙirare da busasshen barkono a gindin itatuwan, ya cinna wuta da rana tsaka, jemagun na barci. Suka yi ta zubowa kamar nunanniyar kanya, uwaye da 'ya'ya manne a ƙirji. Waɗanda suka tsira suka haye kogi.

Masassara ba ta tafi ba. Sai da ta ƙara cin mutum arba'in, har da Cindo.

Nomau ya karya bakansa a gwiwa, ya haye kogin shi kaɗai. An ce duk itacen da ya zauna a ƙarƙashinsa, sai jemagun su tashi su sake wani. Haka ya yi ta bin su har ya mutu, ba wanda ya san kabarinsa.

Har yau jemagu na cika maɗatan kudancin kogi kowace damina, amma ko ɗaya ba ya sauka a Kurmin Nomau. Mutanen garin ba sa ƙona barkono, kuma ba wanda ke raɗa wa ɗansa sunan Nomau.