Wuƙa a Gadarif, Kube a Doka

Akwai wani dattijo a garin Gadarif na ƙasar Sudan, sunansa Mudi. Tsohon direban lori ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar dawa da riɗi daga gonakin Fashaga zuwa kasuwar gari. Da gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara hazo, sai ya ajiye tuƙi ya dawo gida.

Gidan kuwa ba kowa. Matarsa Atika ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun watse, wannan yana Khartum, wancan yana Bur Sudan. Mutumin da ya saba da hayaniyar tasha, sai ga shi yana shan shayi shi kaɗai yana yi wa kaji magana. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma Mudi ba ya yarda a gane. Kafin ka gama tambayarsa lafiya ya ce maka "Tamam," ya kau da kai.

A hanyarsa ta masallaci akwai gidan wani ɗan kasuwa, Alhaji Harisu. Duk Juma'a bayan la'asar wasu dattawa kan taru a rumfar ƙofar gidan. Ƙungiya ce ta masu tara tsofaffin wuƙaƙe, su suna kiranta nadi. Sai a shimfiɗa tabarma, a fito da wuƙaƙen Kasala masu lanƙwasa, da na ɗaurawa a damtse irin na mutanen yamma. Ana zuba jabana, wato gahawa mai citta, ana gardama a kan ƙarfe da ƙota, ana dariya har da riƙe ciki.

Mudi ya daɗe yana wucewa ta nan. Kullum in ya zo daidai rumfar sai takalminsa ya ɓaci, ya tsaya gyara shi. Takalmin nan lafiyarsa ƙalau, dariyar mutanen ce take riƙe shi.

Ran nan Alhaji Harisu ya kira shi.

"Malam Mudi, itfaddal, ƙaraso mana. Takalmin nan naka ya sha gyara."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya zauna a gefen tabarma, aka miƙa masa ɗan kofi. Rabonsa da jin daɗin yamma irin wannan tun Atika tana da rai.

Kafin a tashi ya tambayi yadda ake shiga. Alhaji Harisu ya ce, "Sharaɗinmu ɗaya ne. Ka kawo tsohuwar wuƙa da kubenta na asali, ka ba mu tarihinta a gaban kowa, mu sa ta a kabad ɗin gilashi. In ta shiga, halas, wato shi ke nan, ta huta. Ba ta ƙara fita, ba ta ƙara yanka. Kai kuma ka zama namu."

Mudi yana da wuƙa. Matsalar tana wajen kube.

Mahaifinsu, Malam Lado, ya taso ne daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, da wuƙar ɗaure a damtsensa. Ya yi aikin hajji, a hanyar dawowa ya tsaya noma a Doka, wani gari a yankin Gadarif, ya yi aure, bai ƙara gaba ba. Da ajali ya zo, ya kira 'ya'yansa maza biyu. Ya zare wuƙar ya ba Mudi, babban. Ya miƙa wa ƙaramin, Cindo, kuben. Ya ce kowace Babbar Sallah su haɗa su a gidan nan na Doka, a yanka layya da ita, Mudi ya yanka, Cindo ya riƙe rago.

Shekara da shekaru haka ake yi. Sai wata Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san ba ta jin roƙo. Lorin Mudi ya kafe a hanya, bai isa Doka ba sai da rana ta karkata. Yana shiga gida ya tarar an feɗe rago, nama na kan wuta. Cindo ya ari wuƙar maƙwabci ya yanka.

Mudi bai tambayi dalili ba. Bai zauna ba, ko ruwa bai kurɓa ba. Ya ce, "Tunda kun sami wani babba a gidan, Allah ya ba da lada." Ya juya. Cindo ya bi shi har bakin hanya yana "Yaya, tsaya ka ji," bai waiwaya ba. Daga baya Cindo ya zo Gadarif, ya aiko mutane, ya zo ta'aziyyar Atika. Gaisuwa kawai Mudi yake amsawa, da an nufi zancen sai ya tashi. Da goggonsu ta rasu ya je Doka, ya tsaya a maƙabarta, daga can ya kama hanya. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

To yanzu ga nadi yana neman kube.

Mudi ya yi makonni yana auna abin. In ya shiga, ya sami wurin zama duk Juma'a. Ya ji 'yan nadi ba sa barin nasu ya kwanta ciwo shi kaɗai. Suna haɗa mota su je Kasala wajen maƙera, su kwana suna hira. A cikinsu ma akwai wani Kassim da ake cewa in ya dubi zanen ƙota yakan faɗi yankin da aka ƙera wuƙa, shi kuwa Mudi har yau bai san ƙasar ubansa ba sai a baki. Abin da zai rasa fa? Wuƙar da ke naɗe a tsumma a ƙasan akwati, wadda ta daɗe ba ta ga jini ba. Da ya auna, sai ya ga riba ce zalla.

Bai sa Cindo a ma'aunin ba ko kaɗan. Abin da ya dame shi kawai, yadda zai buɗe baki ya roƙi ƙanensa wani abu.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah ya hau motar Doka.

Matar Cindo, Hajo, ita ta fara ganinsa. Ta saki muciya ta yi salati. "Yaya Mudi! Yau wa nake gani? Malam, fito, ga Yaya!"

Cindo ya fito daga ɗaki da sauri har yana tuntuɓe. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, ya ma fi yayansa ranƙwafawa. Ya kama hannun Mudi da hannu biyu ya ƙi saki. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kisra, wato siririyar wainar dawa, da miya, Cindo sai tura masa nama yake yi gabansa.

"Bana da wuri ka zo, Yaya. Rago na nan a baya, sai ka gan shi."

Mudi ya gyara murya. "Ba Sallah ce ta kawo ni ba. Kuben nake so."

Ya yi bayanin nadi, da kabad, da sharaɗin. Cindo ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kuben. Jar fata ce da ta koma baƙa don tsufa, amma tana sheƙi, ta sha mai, ko tsaga ɗaya babu.

"Ga shi, Yaya. Kai ne babba." Ya yi ɗan murmushi. "Ma'alesh, ba komai. Ni ma na huta da jira."

Mudi ya karɓa, ya sa a aljihu, ya ce zai kama motar la'asar. Hajo ce ta raka shi zaure, ta tsaya ta rage murya.

"Yaya, ka yi mini izini in faɗi magana ɗaya. Shi ba zai faɗa ba."

"Ina ji."

"Waccan shekarar, Goggo ce. Ka san ta, ranar Sallah ba ta sa komai a baki sai hantar layya. Ga tsufa, ga ciwo. Muka jira ka har azahar ta wuce, ta fara rawar jiki, muka yi roƙon duniya ta ƙi ko kunu. Da ta sulale a kan tabarma, shi ne ya ruga ya aro wuƙa. Wallahi yana yanka yana hawaye."

Hajo ta ci gaba.

"Tun daga ranar, gidan nan ba a yanka ranar Sallah. Ba a yanka washegari. Sai rana ta uku, da yamma, in ya ga lokacin layya zai fita. Maƙwabta na suya, jikokinmu na leƙe ta katanga, shi yana zaune a ƙofar gida da kube a cinya yana duban duk motar da ta tsaya. Har suna aka sa mana a unguwa, gidan layyar ƙarshe."

Ka ce jin wannan zai sa mutum ya koma ciki ya rungumi ɗan'uwansa. Ina! Girman kai in ya daɗe a jiki ba ya fita da magana ɗaya. Mudi ya ce, "To, na ji," ya tafi tasha. Amma tun daga Doka har Gadarif hannunsa na cikin aljihu yana shafa fatar nan.

Juma'a ta zo. Ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya zura wuƙar a kubenta. Ta shige daram kamar jiya aka raba su. A rumfar Alhaji Harisu aka matsa masa wuri a tsakiya. Wuƙar ta zaga hannu zuwa hannu, kowa na "Ma sha Allah." An riga an buɗe kabad, an share mata gurbi.

"To Malam Mudi, ba mu tarihi."

Ya fara. Ya faɗi tafiyar Malam Lado, da rairayin da ya keta, da zamansa a Doka. Murya ta buɗe, mutane sun yi tsit, abin da ya daɗe yana kwaɗayi ke nan. Har ya zo wurin rabon gado.

"Sai ya ba ni wuƙa, ya ba ƙanena kube, ya ce duk Babbar Sallah mu haɗa su."

Kassim, wanda wuƙar ke hannunsa, ya girgiza kai cike da tausayi. "Allah ya ji ƙan ƙanen naka. Yaushe ya rasu?"

"Yana da rai. Yana Doka."

"Au! To yi haƙuri, ya zol, bawan Allah. Na ga duka biyun a hannunka ne." Ya juya wuƙar. "To bana da me za ku yanka?"

Kassim ba da wata manufa ya yi tambayar ba.  Mudi ya dubi gurbin da aka share a kabad. Sai a lokacin ya gane abin da bai auna ba. Muddin wuƙa na wajensa, kube na Doka, akwai abin da zai kai shi gidan nan wata rana, akwai kuma mai zaman jiransa. In gilashin nan ya rufe, ya sami abokan Juma'a, ya kuma sallami ɗan'uwa ɗaya da ya rage a duniya mai kiransa Yaya.

Ya miƙa hannu. "Ba ni ita, Malam Kassim."

"Ban gama duba zanen ba. Ina jin zan iya gaya maka yankin."

Wallahi Mudi yana son ya ji. Amma ya san in ya ƙara zama kaɗan a tabarmar nan, ba zai iya tashi ba. "Wani jiƙon. Alhaji, ku yafe ni. Wuƙar nan ba ta gama aiki ba."

Alhaji Harisu ya dube shi, ya mayar da ƙofar kabad ya rufe. "Sharaɗi dai ba ya canzawa, Malam Mudi."

"Na sani."

Ya sa takalmi ya tafi. Yana jin an ci gaba da hira a bayansa, abin ya yi masa zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Sallah ya bi motar farko, ya sami idi a Doka. Yana tafe yana tunanin ko ya makara, tunda mutumin ya ce ya huta da jira. Da ya karyo kwanar unguwa sai ya hango shi. Cindo na zaune a ƙofar gida, hannuwansa a kan cinya babu komai a cikinsu, fuskarsa na wajen hanya.

Mudi ya tsaya a kansa. "Ba ka ce ka daina jira ba?"

Cindo ya ɗago. "Na ce, Yaya. Da na sauko daga idi, ban san inda zan zauna ba in ba nan ba."

Aka jawo rago. Yara suka cika tsakar gida suna ihu, yau gidansu ma da nama ranar farko. Cindo ya tattare hannun riga, ya durƙusa zai kama ƙafafun ragon kamar yadda aka saba. Mudi ya dafa kafaɗarsa ya tashe shi. Ya zare wuƙar ya danƙa masa, ya ba Hajo kuben ta mayar ɗaki. Sannan ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya danne ragon da kansa.

"Yaya, ai kai ne babba."

"Na sani. Yi bismilla, Cindo, yara na jira."

Darasi: Kafin ka shiga wata sabuwar tafiya, kada ka auna abin da za ka samu kawai, ka duba wanda za ka bari a baya. Neman abokan zama ba laifi ba ne, amma kada ka saye shi da zumunci. In kuma ɗan'uwanka ya ɓata maka, tsaya ka ji dalilinsa kafin ka juya baya. Ka tura wa wani wannan labari, wataƙila akwai mai zaune a ƙofar gida yana jiransa.