Mai Magani da Ke Lasa a Gaban Mai Saye

An yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Kabi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya bar 'ya'ya, wataƙila ma wasunku sun yi makaranta tare da su. Ku dai gyara zama ku saurara. Ni kaina ba don daɗi nake ba da labarin nan ba. Na tsufa, na ga irinsa har na gaji, amma in mun yi shiru wa zai gaya wa na baya?

Mahaifin mutumin nan mai magani ne a Argungu, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: garin sanyin ƙashi. Kun san manoman shinkafa, yini suke yi a sunkuye cikin ruwan fadama, har baya da gwiwoyi su riƙe. To, su yake yi wa gari. Ganyen zogale da aka shanya a inuwa, da garin kuka, da ƙashin kifi da aka gasa aka dake, da citta, da 'yar jar kanwa. Ba wani asiri a ciki. In ya miƙa wa mutum sai ya ce, "Wanga gari ba ya gaggawa. Ka sha da kunu, ka rage tsayuwa cikin ruwa, in ciwon ya ƙi ka tahi asibiti."

Tsohon yana da wata al'ada da ta sa aka yarda da shi. Ba shi ke zaɓa wa mai saye ƙulli ba. Mai saye ne zai sa hannu cikin faifai ya ɗauki wanda ya ga dama. Sai tsohon ya kwance shi, ya yi bisimilla, ya dangwala yatsa ya lasa a gaban mutumin, sannan ya ɗaure ya miƙa masa. Ya sha gaya wa ɗansa cewa abin da ba zai shiga cikinsa ba, ba zai sa shi a cikin ɗan wani ba.

Da tsohon ya rasu, ɗan ya gaji turmi da faifai da lasar. Ya koma Gwadangaji da zama, shi da matarsa Asiya da 'yarsu Munira. Asiya ke daka, shi kuma ya ɗora kaya a babur ya bi kasuwanni, yau Argungu, gobe Gulma, jibi Zauro. Ba su yi arziki ba, amma ba su rasa na tuwo ba.

Sai zamani ya canza. Motoci masu lasifika suka cika kasuwanni, kowa da gorar robarsa mai hoto, kowa na rantsuwa cewa nasa kafin magariba ya warkar. Mutumin nan yana zaune gaban faifansa yana kallon jama'a na wuce shi. Abin ya riƙa cin ransa.

Cikin masu motocin akwai wani abokin ƙuruciyarsa, Riskuwa. Wata rana bayan kasuwa ta watse ya tsaya a kansa yana dariya.

"Kai wai mai magani ne ko mai kwaɗon zogale?"

"Abin da na gada ke nan."

"Ka gaji haƙuri, mutane ko haƙurinsu ya ƙare. Wa za ya jira wata guda ga dashe na jiranshi?"

Ya zaro wata 'yar farar ƙwaya daga aljihu, irin wadda wasu ke sha a ɓoye don su yi ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Ya ce ya daka ta cikin garin, kanwa za ta ɓoye ɗacinta, kuma duk wanda ya sha, washegari zai miƙe kamar ba shi ne mai ciwo ba.

Mutumin ya ce, "To, lasar fa?"

"Lasar yatsa guda mi za ta yi ma ƙato kamarka?"

Ya 'yan uwa, ku lura da tambayar da ya yi. Bai ce mutane fa ba. Bai ce Allah fa ba. Kansa ya tambaya. Tun daga nan zuciyar ta riga ta karkata.

Ya dawo gida ya ce daga yau shi zai riƙa daka da kansa, kuma a ɗaki, ƙofa a rufe. Asiya ta ce, "Baban Munira, tun yaushe namiji ya karɓe turmi a gidan nan?" Ya ce sirrin sana'a ne. Amma mace ba ta rasa ido a gidanta. Da ta zo kwashe toka sai ta riƙa ganin takardun ƙwaya masu ƙyalli, waɗanda wuta ta kasa cinyewa. Ta tara su a ƙasan akwatinta. Ta yi masa magana da lalama, ta yi da kuka, ta tuna masa da mahaifinsa. Ya ce na ɗan lokaci ne, kasuwa na dawowa zai daina.

Kasuwa kuwa ta dawo. Tsohon da ya zo yana dogara sanda, mako na zagayowa sai a gan shi a gona yana dashe. Labari ya bazu daga Gulma har Zauro cewa hannun ɗan ya fi na uban. Jama'a suka riƙa yin layi. Kuma me ya ja su wurinsa suka bar masu lasifika? Lasar nan. Suna cewa wannan ba zai cuce mu ba, a gabanmu yake sa wa bakinsa.

To, ku yi tunani. Mai ciwo ya sha ɗan cokali da safe, shi ke nan. Shi kuwa tun hantsi har la'asar, duk ƙullin da aka ɗauka sai ya kwance ya lasa. Kuma don a gani da kyau, ba ya dangwala kaɗan. Yana bisimilla yana lasa, yana bisimilla yana lasa. Sunan Allah yake ambata a kan ƙarya, guba kuma tana gangarawa cikinsa. Ran kasuwa ɗaya yana shan abin da ya fi na kowane majinyaci.

Fuskarsa ta fara cika, ta yi zagaye. Wuya ya yi kauri, ciki ya fito, ƙafafu kuwa suna sirancewa a cikin wando. Mutane suka ce magani ya karɓe shi. Shi ma sai ya mai da abin talla, yana bubbuga kumatunsa yana cewa, "Ku dube ni, ni ma shi nake sha!" A yi dariya, a ƙara saye.

Cikin masu sayen akwai wata tsohuwa 'yar Gulma, Inna Laure, mai noman albasa. Tun zamanin ubansa take saye. Duk zuwanta sai ta kawo masa albasa a bakin zane, ta ce a kai wa Asiya. Ta daina shan maganin da aka ba ta a asibiti, ta ce na ɗan amininta ya ishe ta. Yana jinta, ya ɗaure mata ƙulli ya miƙa.

Tsoro ya fara shigarsa lokacin da ƙishirwa ta hana shi sakat, kuma ya ga tururuwa na taruwa inda ya kama ruwa, alamar ciwon suga. Salansar babur ta ƙona masa ƙwauri, ƙunan ya ƙi warkewa. Ya yi niyyar ajiye ƙulli mai tsabta a gefe don lasa, amma ta yaya? Mai saye ke zaɓa. Sai wata ranar kasuwar Gulma ya ce yau yana azumin nafila, ba zai lasa ba. Inna Laure ta mai da ƙullin da ta ɗauka cikin faifai.

"Allah shi karɓa, ɗana. Babanka in yana azumi ba ya fito da kaya. Mu jira ran da bakinka ke buɗe."

Ta juya, layi ya bi bayanta. Ya koma gida da kayansa cif. Mako na gaba ya dawo yana lasa.

Da watan azumi ya kama, ya ajiye faifai kamar yadda ubansa ke yi, ya ce bari jiki ya huta. Ina! 'Yan kwanaki kaɗan sai amai da jiri, gaɓoɓi suka saki, ko tashi alwala ya gagara. Jikin ya saba, ya ƙi zama babu. Da aka sha ruwa, da hannunsa ya kwance ƙulli ya zuba a kunu. Asiya na kallonsa daga bakin murhu.

Haka aka yi ta tafiya, damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta zo. Idanunsa suka fara yin hazo. Ranar da abin zai faru, a kasuwar Zauro ne. Bai faɗi ba, ba wanda ya buge shi. Tsayar da babur kawai ya yi ya sauke ƙafa, sai ƙashin ƙugunsa ya ce ƙas, kamar busasshen kara. Mai sayar da maganin ƙashi, ga shi kwance cikin ƙulle-ƙullensa da suka watse a ƙasa.

Mai ɗori ya taɓa ya ce wannan ƙashi ya ruɓe, ya fi ƙarfinsa. A asibiti likita ta tambaye shi me yake sha. Ya ce zogale. Sai Asiya ta kwance bakin zanenta ta zube takardun nan masu ƙyalli a kan tebur. Likita ta dube su, ta dube shi, ta tambaya mutum nawa ya sayar wa. Ya juya fuska bango.

Aka dawo da shi Gwadangaji, aka shimfiɗa masa katifa a zaure. Riskuwa ko leƙe bai zo ba.

Wata ranar Juma'a da hantsi, a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida. Inna Laure ce, ɗanta Ummaru na riƙe da hannunta don ba ta gani sosai. Fuskarta ta kumbura irin tasa, ƙafarta ɗaya a naɗe da tsumma. Ta lalubi tabarma ta zauna, ta yi masa sannu, ta yi ta yi. Sannan ta sa hannu cikin lalitarta ta fito da ƙulli.

"Na ji an ce ba ka iya daka yanzu. Biyu sunka rage min, na ce ba ni sha kai kana kwance. Ga guda. Ka sha da kunu, ɗana, wanga gari naku ba ya ƙarya."

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa har cikin zaurensa. Ga wadda ya cuta a gabansa, da ranta, kunnenta na ji. Kalma kaɗan ce: Inna, ki yafe mini. Asiya na tsaye tana kallonsa, tana jira. Ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya tuna kasuwa, ya tuna abin da za a ce a Gulma. Ya miƙa hannu ya karɓi ƙullin.

Ya ce, "Na gode, Inna."

Da suka tashi, Asiya ta yafa mayafi ta bi su waje. Ta gaya wa Ummaru komai, ta ce ya wuce da tsohuwa asibiti yanzu, ya nuna wa likita ƙullin da ya rage, kuma ya gaya wa duk wanda ya san yana sha. Zauren ba ƙofa, yana jin kowace kalma. Ya jira ya ji zagi ko tsinuwa. Ba ko ɗaya. Sai muryar tsohuwar, a hankali, kamar mai magana da kanta:

"Amma a gabana yake lasa. Da bisimilla."

A-daidaita ta tashi.

Inna Laure ba ta ga girbin shinkafar wannan shekarar ba. Shi kuwa ya jima a zauren nan, ido ya rufe, ƙashi bai haɗu ba. Asiya ta yi jinyarsa har ƙarshe, Allah ya saka mata. Ta ce kullum sai ya ce gobe zai aika Gulma a nema masa gafara, har aka aiko cewa an kai tsohuwa makwancinta. Bayan nan bai ƙara yawan magana ba. Ranar jana'izarsa sahu bai cika ba.

To, 'ya'yana, ku ji ni da kyau. Ban ce zogale laifi ba ne, ni ma ina sha. Itatuwa da kanwa da ƙashin kifi duk ni'imar Allah ce, in an bar su yadda suke, an faɗi gaskiyar abin da za su iya da wanda ba za su iya ba. Laifin shi ne algus. Uban ya lasa don yana tsoron Allah, ɗan ya lasa don a saya. Hannu ɗaya, yatsa ɗaya, bisimilla ɗaya, amma dubi inda kowa ya ƙare.

Kai mai sayar da magani, me ka zuba a ciki da ba za ka iya faɗa da ƙarfi ba? Ke mai haɗa gari a gida kina tallarsa a waya, za ki ba mahaifiyarki? Ku kuma masu saye, duk abin da ya ɗauke ciwon shekaru a yini ɗaya, ku tsaya ku yi tambaya. Kuma wanda ya san ya cuci wani, ya je yau ya nemi yafiya tun mutumin na numfashi, don haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Na gaji, bari in tsaya nan. Allah ya ji ƙan Inna Laure. Shi ma muna roƙa masa rahama, don ba mu ke da hukunci ba. Allah ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyar da mutane. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.