Ramin da Ciyaman Ya Ce a Kawo Masa

An yi wani ciyaman da ya ƙi jinin jin koke. Wata rana mutanen Layin Masaƙa suka je masa da kukan wani rami da ya cinye musu hanya, har mai naƙuda sai a goye ake fita da ita.

Ciyaman ya ce, "Ni ba na aiki da jita-jita. Ku kawo mini ramin nan ofis in gani."

Sai Barmo mai kurar ruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Washegari Barmo ya dawo hannu rabbana. Ya ce, "Ramin nan nauyi gare shi, kuma hanyar ba ta biyuwa da kaya. A gyara mini ita, in turo maka shi har bakin tebur."

Ciyaman ya ga banza ta faɗi, zai kunyata mai baki. Ya ce, "Zan gyara. In ka kasa kawowa, kurarka ta zama tawa."

Aka zuba kwalta sumul. Ciyaman ya tara jama'a, ya ce, "To Barmo, ina ramina?"

Barmo ya durƙusa ya ce, "Yallaɓai, na je ɗauka na tarar yaranka sun binne shi. Ba su umarni su tono, yanzu in kawo."

Ciyaman ya dubi jama'a, ga zaɓe ya ƙarato. Ya yi gyaran murya ya ce, "Bar shi ya huta."