Ranar da Dila Ya So Korar Shamuwa

Ga ta nan tafe gare ku, jikokina.

Ta ƙaraso, Kaka, mu ji ta.

An yi wani Dila da ke zuwa sujada tare da namun daji a gindin tsamiya. Ko kuka ce? Tsamiya ce dai. A kan bishiyar Shamuwa ta yi sheƙa, ta saka ƙwai, daga can kuma tana hango mai satar 'ya'yan zabi. Dila bai ji daɗin wannan ba, don shi ne ɓarawon.

Ran Lahadi ya miƙe ya ce, "Baba Dattijo, Shamuwa baƙuwa ce, damina ke kawo ta. Ta kwashe sheƙarta yau."

Dattijon kuwa Kunkuru ne. Ya ce, "To, ɗana. Amma in za a kori baƙi, a kore su duka, har na cikin baki. Ka yarda?"

"Na yarda! A wannan ikkilisiya..."

"Tsaya. Wannan kalma daga ƙasar Girkawa ta taso, nufinta waɗanda aka kira su taru. Baƙuwa ce. Ta fita."

Dila ya yi tari. "To, a buɗe Linjila..."

"Ita ma Girkawa suka haife ta, Larabawa suka goyo ta zuwa nan. Labari mai daɗi ke nan. Ta fita."

Dila ya ɗaga hannu. "Allah ya raba mu da baƙi! Ku ce amin."

Kunkuru ya ce, "Ayya, ɗana. Amin tsohuwa ce daga Ibraniyawa, ma'anarta haka yake, tabbas. Ta riga ta ɗaure kayanta."

Kura ta fashe da dariya. "Dila, yau bakinka ya zama kango!"

Sai Shamuwa ta sauko, ta rusuna. "Yaya Dila, ka tashi lafiya?"

Dila ya buɗe baki, ya dubi Kunkuru. Kunkuru ya girgiza kai. "Lafiya ma daga Larabawa ta zo."

Dila ya kwantar da kunnuwansa. Can ya ce a hankali, "Lafiya lau, ƙanwata. Ku zauna, ke da su duka."

Namun daji suka amsa, "Amin!" Ƙwan Shamuwa uku suka ƙyanƙyashe a kan bishiyar. Ko huɗu ne, na manta.

Yara, Ubangiji ya kira mu daga nesa, ya ba mu wurin zama. Kada ku hana baƙo nasa.

Ƙurunƙus, a nan ta ajiye sandarta.