Gam ɗin da aka gwada a kunnen ƙanwa

Akwai wata mai kwalliyar amare a Daura, sunanta Barakatu. Hannunta na da kyau, kuma tana da ƙa'ida guda: kafin ta manna wa mace gashin ido na kanti, sai ta ɗiga mata gam a bayan kunne, a kwana a gani. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, an fasa.

Sai aka kira ta zuwa garin Sandamu, bikin wata Adawiyya. Ta je ana jibi ɗaurin aure, ta tarar an killace amarya a ɗaki ana gyaran jiki. Gwaggon amarya ta tare ƙofa.

"Ba mai ganin ta sai ranar. Ga ƙanwarta Yasmin, nono ɗaya suka sha. Gwada a kanta."

"Gwaggo, ai kowa da irin jikinsa."

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa jinin gidanmu?"

Nan kunya ta kama Barakatu. Ta san gaskiya sarai, amma ta kasa musu da babba a gidan mutane. Ta ɗiga wa Yasmin. Washegari kunne lafiya lau, har Gwaggo na yi mata dariya.

Ranar biki ta manna wa amarya. Kafin la'asar ido ya fara ruwa. Aka ce kukan barin gida ne, wace amarya ce ba ta yi? Adawiyya ta ce zafi take ji, ƙawaye suka ce ta daure a gama hoto. Haka ta yi ta murza ido a ƙarƙashin mayafi, har fatar ta kumbura ta rufe.

Sai da gari ya waye aka kai ta asibiti. Likita ya ce jikinta ne bai karɓi gam ɗin ba, murzar kuma ta ji wa ƙwayar idon hagu ciwo. An yi magani iya yi, kumburi ya saɓe, amma idon ya yi fari.

Gwaggo ta fi kowa zagin mai kwalliya. Barakatu kuwa, abin da ke cin ta a rai ya fi zagin ciwo.

Da ta samu ƙarfin hali, ta je gidan Adawiyya. Amarya ta karɓe ta ba fushi, ta shimfiɗa mata tabarma. Barakatu ta zauna gefenta, ta fara neman gafara.

Adawiyya ta juyo da kai, ta ƙara juyowa, sannan ta ce a hankali:

"Anti, dawo ta dama. Ta nan ba na ganin ki."

Darasi: A jikin wadda za a manna wa ake gwada gam, ba a jikin 'yar'uwarta ba. In kin san daidai, kada kunyar manya ta sa ki yi shiru, kunya ba ta dawo da ido. Ku tura wa masu kwalliya da duk wadda bikinta ya matso.